Yawon kayak a tsakanin tsibiran dutsen farar ƙasa

Yawon kayak a tsakanin tsibiran dutsen farar ƙasa wani nau'i ne na yawon buɗe ido, inda matafiyi ke tuƙa siririn kwalekwale da filafili mai baki biyu, yana zaga duwatsun da suka tsaya cirko-cirko a cikin teku, yana kutsawa kogunansu. An fi saninsa a kudu maso gabashin Asiya, musamman Tailan da Biyetnam da Filifin, sai kuma Palau a tekun Fasifik da gaɓar Kuroshiya a Turai. Abin da ya bambanta shi da sauran tuƙin teku shi ne cewa waɗannan duwatsu rarakakku ne, kuma wuraren da suka fi ban sha'awa a cikinsu babu jirgi mai inji da zai iya kaiwa gare su.

Kwalekwalen

Asalin kayak na mutanen Inuwit ne da Yufik da Aliyut, mazauna yankunan ƙanƙara na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska. Suna haɗa ƙirarsa da itacen da teku ya kawo gaɓa ko ƙasusuwan manyan dabbobin ruwa, su lulluɓe da fata, su fita farauta. A Turai ya zama abin shaƙatawa ne bayan tafiye-tafiyen John MacGregor na Birtaniya da ya fara a 1865. Kayak na teku a yau galibi na roba ne mai tauri. Tsawonsa yakan kai mita huɗu da rabi zuwa biyar da rabi, faɗinsa bai cika wuce santimita 60 ba, kuma gaba da baya yana da rufaffun ɗakuna da ke riƙe iska da kaya, don ko ya kife ba zai nitse ba. Matsakaicin matuƙi yana cin kamar kilomita biyar a awa ɗaya idan ruwa na kwance.

Sai dai baƙi da yawa ba irin wannan suke hawa ba. Kamfanonin yawo sun fi ba su mai faɗi wanda ake zama a kansa, ko na hurawa da iska, sau da yawa ma ɗan jagora ne ke tuƙi a baya, baƙo na gaba yana kallo kawai. Gwanayen tuƙi na raina wannan, amma a bakin ƙuntataccen kogo shi ne ya fi dacewa.

Yadda duwatsun suka samu

Dutsen farar ƙasa tarin ɓawon halittun ruwa ne da murjani da suka kwanta a ƙarƙashin teku tsawon miliyoyin shekaru har suka daskare, daga baya motsin ƙasa ya ɗago su sama. Ruwan sama yana ɗauke da ɗan tsami da yake samu daga iska da ƙasa, shi ne ke bin tsagogin dutsen yana narkar da shi sannu a hankali. Tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo, rufin kogo ya rufta, har a bar tsayayyun hasumiyoyi da kwari a tsakaninsu. Bayan da zamanin ƙanƙara na ƙarshe ya kai ƙololuwarsa, kimanin shekara 20,000 da suka wuce, teku ya tashi da kusan mita 120, ya cika kwarin, tsaunukan suka koma tsibirai.

Daga kan kayak ana ganin aikin bai tsaya ba. Daidai inda ruwa ke taɓa dutse akwai wani zurfin lungu da ya zagaye gindin tsibirin, wanda igiyar ruwa da ƙananan halittu masu kankare dutse suka ci. A Palau cin ya yi nisa har tsibiran sun yi kama da laima: sama faffaɗa cike da itatuwa, ƙasa siriri. Matuƙi kan shige ƙarƙashin wannan rumfa ya sha inuwa, ruwa na ɗiga masa daga tsinayen dutse da ke rataye.

Ɗakin da ke cikin tsibiri

A gaɓar Phang Nga ta Tailan, wadda aka mayar gandun ƙasa a 1981, wasu tsibiran tsakiyarsu a buɗe take. Mutanen wurin na kiran irin wannan wuri "hong", wato ɗaki. Tsohon kogo ne da rufinsa ya rufta, ya bar tafki kewaye da bangon dutse ta ko'ina, sararin sama kaɗai ke buɗe. Daga waje ba abin da zai nuna yana nan. Hanyar shiga ita ce ramin da ruwan teku ke bi, wani gajere, wani dogo mai duhu da warin kashin jemagu.

A nan ne teku ke iko da lokaci. A Phang Nga ruwa na cikowa ya janye sau biyu a yini. In ya cika sosai, bakin ramin ya nitse. In ya janye sosai, sai taɓo. Tsakanin biyun ne ake da ɗan lokacin shiga da fita, kuma wanda ya shagala a ciki sai ya jira awanni kafin hanya ta sake buɗewa. A wasu ramukan dole fasinja ya kwanta rigingine a cikin kwalekwalen, rufin dutse na wucewa dab da hancinsa, jagora na turawa da hannu maimakon filafili. Bangon cike yake da ɓawo mai kaifin reza, shi ya sa ake hana miƙa hannu waje. Da an fito daga duhun, ƙarar iska da ta injuna ta ɗauke. Sai itatuwan ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje, kaguwa a kan taɓo, wani ƙaramin kifi mai tsalle a tudu, birai da cilakowa a saman bango.

Ba'amurke John Gray ne ya shahara da fara kai baƙi waɗannan ɗakuna a harkar kasuwanci, daga Phuket a 1989. Masunta da masu ɗibar sheƙar tsuntsaye sun daɗe da sanin kogunan kafin nan. A gaɓar ce kuma ƙauyen Ko Panyi yake, na Musulmi masunta, wanda aka gina a kan turaku a gindin wani dutse, har da masallacinsa.

Sauran wurare

Gaɓar Ha Long a arewacin Biyetnam tana da tsibirai kimanin 1,600. UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin wuraren gado na duniya a 1994, aka haɗa da tsibiran Cat Ba a 2023. Can ruwa sau ɗaya yake cikowa a yini, don haka lissafin lokaci daban ne, kuma galibi daga jirgin kwana ake sauke kayak. Masu gudun cunkoso sukan karkata zuwa Lan Ha da ke kusa. A Cat Ba ne kaɗai ake samun wani biri mai kai ruwan zinariya da ke dab da ƙarewa.

Tsibiran dutse na Palau guda 445 ne, babu wanda ke zaune a kansu, sun shiga jerin UNESCO a 2012. A Filifin akwai tafkunan tsibirin Miniloc a El Nido, a Indonesiya Raja Ampat, a Kuroshiya kuma Kornati, inda dutsen yake fari fat, kusan babu itace.

Yanayi, haɗari da cunkoso

A gaɓar yammacin Tailan lokacin da ya fi kyau shi ne Nuwamba zuwa Afrilu, kafin iskar damina ta tayar da teku. A Ha Long guguwa ta fi yawa daga Yuli zuwa Satumba, hazo kuma a farkon shekara. Tsibiran na tare manyan igiyoyi, abin da kan ruɗi sabon shiga: ruwan da ke matsewa tsakanin duwatsu biyu yana da ƙarfin ja, gefen tsibiri kuwa bango ne miƙaƙƙe, babu inda za a sauka in an gaji. Rigar hana nitsewa, ruwan sha, fitilar goshi da jadawalin cikowar teku su ne kayan da ba a barinsu.

Kayak ba ya hayaƙi, ba ya ƙara, amma yawa ma ɓarna ne. Kwalekwale hamsin a ɗaki ɗaya na korar tsuntsaye, filafili na karya murjani a ruwa mara zurfi, birai kuma sun koyi ƙwacen abinci. Tailan ta rufe gaɓar Maya a 2018 don ta farfaɗo, ba a buɗe ta ba sai Janairun 2022. Palau ta haramta man kariyar rana mai cutar da murjani tun 2020, a El Nido kuwa an ƙayyade yawan masu shiga tafkunan Miniloc, kuma jiragen inji a bakin ƙofa suke tsayawa.