Aikin gandun daji a nesa da gari a Nijar: kayan aiki, sadarwa da horo

Aikin gandun daji a nesa da gari shi ne aikin kula da itatuwa, da ciyawar kiwo, da namun daji, a wuraren da ma'aikaci zai yi kwanaki bai taka kwalta ba, bai ga fitilar lantarki ba, kuma asibiti mafi kusa sai an yi tafiyar sa'o'i kafin a kai gare shi. A ƙasashe masu kurmi irin su Gabon ko Kanada, idan aka ambaci wannan aiki sarar katako da manyan injuna ake nufi. A Nijar kuwa, wadda kusan kashi biyu cikin uku na faɗinta hamada ne, yawancin aikin ya ta'allaƙa ne ga raya ƙasar da ta mutu, da tare gobarar daji, da sa ido kan masu sarar icen girki, da gadin wuraren da aka keɓe wa namun daji. Masu yin sa a hukumance su ne jami'an ruwa da gandun daji, masu koren kaki da tsari irin na soja, sai dai yawansu bai taɓa kai girman ƙasar da aka damƙa masu ba, saboda haka kaso mai yawa na aikin yana hannun mazauna ƙauyuka da rugage.

Asalin aikin

Dokar Turawan mulkin mallaka ta 4 ga Yuli 1935 ita ce ta tsara sha'anin daji a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, kuma dokar da Nijar ta yi a 1974 ba ta yi nisa da ita ba. A wancan zamani babban kayan aikin jami'i shi ne littafin tara, har ta kai manomi yana tumɓuke ɗan gawo tun yana tsiro don kada ya girma ya jawo masa tuhuma ranar da zai sare reshensa. Farin 1973 da na 1984 ne suka tilasta sake tunani. A 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya da ke yankin Buza, a 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, kuma a shekarar ce aikin raya karkara na Keita ya kankama da tallafin Italiya. Daga baya dokar 1992 ta buɗe kasuwannin ice na karkara waɗanda mazauna ke tafiyarwa da kansu, sannan dokar 8 ga Yuni 2004 ta faɗaɗa hurumin ƙananan hukumomi da jama'a kan dazuzzukansu. Da aikin ya koma koyarwa da awo da shiga tsakani, abin da jami'i ke ɗauka a jakarsa ma ya sake.

Kayan aiki

Duk wanda ya yi aiki a duwatsun Adar da ke jahar Tawa cikin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi kan kai maki 45 a ma'aunin Celsius, ya san ruwa ake fara lissafawa kafin komai. Mai haƙa da diga a irin wannan rana yakan zubar da gumin da ya kai lita ɗaya cikin sa'a guda, kuma rijiyar da aka sani da ruwa a watan Janairu tana iya ƙafewa kafin bazara ta ƙare. Shi ya sa ayarin aiki ke ɗaukar ruwan kwanakin da ya yi niyya, ya ƙara da na kwana ɗaya ko biyu saboda lalacewar mota. Jarkar roba ana ɗinke ta cikin tsohon buhu ko bargo, a jiƙa shi a rataye inda iska ke bugawa, sai ruwan ciki ya yi sanyi, wato dabarar da salkar fata ta daɗe tana amfani da ita.

Abin hawa yakan zama Toyota Land Cruiser ga babban ayari, ko babur ga jami'in da ke zagaya ƙauyuka shi kaɗai, a can arewa kuma har yanzu raƙumi bai rasa matsayinsa ba. Manyan abokan gabar taya su ne yashi da ƙaya. Idan aka shiga tudun rairayi ana rage iskar taya don ta shimfiɗu, kuma ba a rabuwa da shebur da farantan ƙarfe da ake sa wa ƙarƙashin ƙafar mota idan ta kafe. Ƙayar aduwa da ta kandili kuwa suna huda taya sau biyu ko uku a yini, don haka faci da gam da famfon hannu sun fi wasu na'urori masu tsada daraja a daji. Takalmi mai kaurin ƙasa da ya rufe idon sawu yana kare mutum daga ƙaya da kunama, dogon wando mai santsi yana rage kamun ƙarangiya, rawani kuma yana maganin rana da ƙurar hunturu a lokaci guda.

Kayan hannu su ne waɗanda kowa ya sani: gatari, adda, diga, shebur, manjagara, baro, da ƙarfen ɓanɓarar dutse. Injin yankan ice bai yaɗu ba, domin itatuwan Sahel ƙanana ne, man fetur yana da tsada, kuma idan sarƙarsa ta tsinke sai an aika birni. Haɗarinsa ma babba ne ga wanda ba shi da hular kwano, da tabarau, da wandon da ke tsayar da sarƙa. Gatari kuwa duk maƙerin kasuwar ƙauye zai gyara shi, ƙotarsa kuma a dajin ake samunta. Ayyukan raya karkara da dama sun sayi kayan da suka burge ido ranar buɗe aiki, amma bayan shekara biyu abin da ya rage yana aiki shi ne wanda ake iya gyarawa a ƙananan garuruwa irin su Badagishiri ko Abalak.

Kayan awo suna da nasu muhimmanci. Ana auna kaurin itace da tef a tsayin mita 1.30 daga ƙasa, kamar yadda ake yi a ko'ina a duniya, ana kuma ƙirga itatuwa cikin ƙananan filayen gwaji don a ƙiyasta abin da ke cikin dajin baki ɗaya. A kasuwannin ice na karkara ma'aunin shi ne tuli mai mita ɗaya ta kowane ɓangare. Na'urar GPS tana karɓar saƙo kai tsaye daga taurarin ɗan'adam, saboda haka tana nuna wurin da mutum yake ko babu layin waya, kuma da ita ake shata iyakar fili a san hekta nawa ne. Amma a wajen raya fako, abin da ya fi shiga hannun jama'a shi ne ma'aunin tiyo. Doguwar farar roba ce ake cika wa ruwa, a ɗaure kowane bakinta a jikin sanda mai zane. Mutum ɗaya ya tsaya da sandarsa, ɗayan ya riƙa matsawa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu, sai a kafa dutse a wurin a ci gaba. Ta haka ake fitar da layin da ruwan sama zai kwanta a kansa, a jera duwatsu ko a haƙa rami mai siffar rabin wata bakinsa yana kallon tudu. Idan layin ya karkace ko da kaɗan, ruwan farko mai ƙarfi zai taru a gefe ɗaya ya fasa aikin wata guda.

Sadarwa

Layin wayar salula, wanda jama'a ke kira rezo, yana bin manyan hanyoyi da garuruwa ne. Da an yi nisa da eriya sai ya fara yankewa, kuma kusan kowane ƙauye na nesa yana da sanannen wurin da ake samunsa, kan wani tudu ko gindin wata bishiya, inda za a ga waya rataye a reshe tana jiran saƙo ya shigo. Jami'i mai hankali yana rubuta irin waɗannan wurare a taswirarsa kamar yadda yake rubuta rijiyoyi, yana kuma riƙe layukan kamfani biyu, domin inda Airtel ya gaza wataƙila Moov ko Zamani ya kama. Saƙon murya na WhatsApp ya sauƙaƙa aiki ƙwarai, tunda mai gadin fili ba sai ya iya karatu ba kafin ya aiko da labari da hoto.

Inda rezo ya ƙare, rediyon oba-oba na hannu yana haɗa mutanen ayari ɗaya a tazarar ƴan kilomitoci, amma dutse ko kwari yana tare shi. Babban rediyon mota mai gajeren zango yana kai ɗaruruwan kilomitoci, ko da yake muryarsa tana sauyawa tsakanin dare da rana. Wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya, wadda ta fara aiki a 2001 ta kuma zama sananniya a Azawak da Agadas, ita ce madogara ta ƙarshe. Kiranta yana da tsada, kuma da yake ƴan fasa-ƙwauri ma suna amfani da ita, mai riƙe da ita ya kamata ya kasance da takardar izinin tafiya aiki a aljihunsa. Duka waɗannan na'urori batir suke ci, shi ya sa ƙaramin faranti mai tara hasken rana ya shiga cikin kayan dole.

Ƙa'idar da ta fi kowace na'ura ceton rai ita ce a bar wa ofis hanyar da za a bi da ranar dawowa, a kuma tsayar da lokacin kira, safe da yamma, ta yadda shiru kansa zai zama labari. Idan mota ta lalace a fili ba a barin ta a kama tafiya da ƙafa, domin masu nema sun fi saurin hango mota. Batun tsaro ya ƙara wa wannan ƙa'ida nauyi: tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a Tasara da Tiliya cikin jahar Tawa, kuma a ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga sun kashe mutum takwas a yankin raƙuman dawa na Kure. Sauka wurin maigari ko ardo kafin a shiga daji ladabi ne, kuma hanya ce ta jin abin da ba ya cikin kowane rahoto.

Gobarar daji ita ce ke gwada ingancin sadarwa. A shekarar da damina ta yi kyau, ciyawar Abalak da Cintabaradan tana bushewa daga watan Oktoba, kuma garwashin shayi ɗaya da aka bari ya isa ya cinye abincin dabbobi na shekara. Taurarin ɗan'adam suna hango wuta, cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai kuma tana bin irin waɗannan bayanai, amma galibi makiyayi ne ke fara ganin hayaƙi, kuma saurin isar labarinsa ga hukumomin gari da gidan rediyon karkara shi ne ke bambanta ƙaramar ɓarna da babba.

Horo

Yawancin ƙananan jami'ai da matsakaita suna fitowa ne daga makarantar koyon aikin raya karkara ta Kollo, kusa da Yamai, manyan kuma daga tsangayar aikin gona ta Jami'ar Abdu Mumuni da sauran jami'o'in ƙasar. Masu ƙwarewa kan namun daji sukan tafi makarantar Garwa ta Kamaru, wadda aka buɗe a 1970 domin ƙasashe masu amfani da Faransanci. Bayan ilimin tsirrai, da doka, da karatun taswira, ana ba su horon soja saboda riƙe makami da sintiri a wurare irin su gandun W da Gadabeji. Abin da aji ba ya bayarwa sosai shi ne harshe da iya zama da mutane. Jami'in da aka tura arewacin Tawa yana jin Hausa kaɗai zai buƙaci tafinta na Tamashek ko Fulatanci, kuma rikicin burtali ko na sassabe ba a warware shi da karanta sashen doka.

Horon mazauna karkara gajere ne, kuma a fili ake yin sa. Ana koya masu renon dashe a leda, da haƙa tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa, da tsagar dakwara don samun ƙaro ba tare da kashe itacen ba, da sassaben zamani, wato a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi daga kututturen da ya tofo a rene su a datse sauran, dabarar da ta bunƙasa daga Maraɗi tun 1983. Masu tare wuta suna koyon share hanya mai faɗin mita 15 zuwa 20 da manjagara, a gicciye da iskar hunturu, a tattara ciyawar a ajiye wa dabbobi. Ana nanata masu cewa wuta daga gefenta ko daga inda ta riga ta cinye ake bugunta da ɗanyen reshe ko jiƙaƙƙen buhu, ba a tsayawa a gabanta, kuma rigar leda tana narkewa a jiki, ta auduga ake sawa.

Agajin gaggawa yana buƙatar maimaici, domin yana karo da abin da aka saba. Idan kububuwa ko kasa ta sari mutum ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure gaɓar tamau. Ana cire zobe ko munduwa kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da aka tabbatar yana da allurar dafi, kuma wannan tabbaci tun kafin a bar gari ake neman sa. Idan gamsheƙa ta tofa dafi a ido, wankewa da ruwa mai yawa nan take shi ne matakin farko. Wanda rana ta buga har ya fara ruɗewa a magana kuwa, inuwa ake kai shi a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita har a isa wurin likita.

Lokacin ba da horon ma yana da tasiri. Aikin raya ƙasa da rani ake yin sa, daidai lokacin da mazan Adar da yawa suke cirani a Abijan, ko Najeriya, ko Libiya. A aikin Keita mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsu da haƙa, kuma har yau a ƙauyukan yankin da dama su ake tararwa idan an kira taron koyon ma'aunin tiyo, saboda haka sai an duba sa'ar ɗibar ruwa da ta girki kafin a tsayar da lokacin darasi.