Lamba 4,294,967,297 ba firaim ba ce

Ɗalibai da yawa suna ɗauka cewa idan babbar lamba mara ce, kuma 3 da 5 da 7 sun kasa raba ta, to shi ke nan firaim ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Wannan gwajin bai isa ba ko kaɗan.

Ko manyan masana sun taɓa yin irin wannan gaggawar. A 1640 Fermat, masanin lissafi ɗan Faransa, ya lura cewa 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk firaim ne, sai ya yi zaton duk lambobin wannan jerin, da ake samu idan 2 ta ninka kanta sau 1, 2, 4, 8, 16 da sauransu a ƙara 1, haka suke. Ta shida ita ce 4,294,967,297, wato 2 ta ninka kanta sau 32 a ƙara 1.

An shafe shekara 92 kafin Euler, masanin lissafi ɗan Switzerland, ya nuna a 1732 cewa 641 sau 6,700,417 ne ke ba da ita. Abin da ya fi burge ni, ba lalube ya yi ba. Duk firaim ɗin da zai raba ta dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1: 193, 257, 449, 577, sai 641. Har yau ba a sake samun firaim a jerin ba bayan 65,537.