Wai shin wane ne wannan algoridim ɗin?

Kwanan nan duk mai shafi a intanet ya samu wanda zai ɗora wa laifi. Mai sayar da abaya a Jidda ta ce algoridim ya danne ta. Mai shafin labaran Umara a Makka ya ce algoridim ya yi fushi da shi tun bayan azumi. Har a rediyon gida Najeriya za ka ji ɗan siyasa yana rantsuwa wai 'yan adawa sun saye algoridim. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda aka mayar da shi wani mahaluki mai zuciya, da ake lallashi ko a yi masa na goro.

Algoridim jerin matakai ne da ake bi ɗaya bayan ɗaya don warware lissafi, yadda duk wanda ya bi su zai fito da amsa iri ɗaya. Iyakar ma'anar ke nan.

Mu da ke zaune a Saudiyya bai kamata kalmar ta ruɗe mu ba, domin kullum muna jin Larabawa na cewa khawarizmiyya. Sunan mutum ne: Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya rasu wajen shekarar 850. Ana danganta shi da Khawarizm, yankin da yau yake tsakanin Uzbekistan da Turkmenistan. Ya rubuta littafi kan lissafi da alƙaluman Indiya, aka fassara shi zuwa Latin a ƙarni na 12, Turawa suka karya sunansa ya zama Algoritmi. Daga ɗaya littafin nasa, na aljabru wal muƙabala, aka samo aljebra da ke wahalar da yara a makaranta. Kuma babban kaso na wannan littafi magana ce ta wasiyya da rabon gado. To wanda ya taɓa zama gaban malami ana raba gado ya riga ya ga algoridim da idonsa: a cire kuɗin jana'iza, a biya bashi, a fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, a bai wa masu rabo sananne, abin da ya rage ya tafi ga asaba. Malamin bai da ikon ƙara wa ɗan da ya fi gaishe shi.

Algoridim na Google da Facebook da TikTok ma ƙirga suke yi. Da Google ya fara a 1998, yana duba shafuka nawa ne suka yi nuni zuwa naka, wato suka sanya adireshin shafinka a nasu. Mutane suka shiga sayen irin wannan nuni, a 2012 kamfanin ya tsananta hukunta masu yin haka. TikTok da bakinsa ya faɗa a 2020 cewa kallon bidiyo har ƙarshe yana da nauyi sosai a lissafinsa, yawan mabiya kuwa ba ya cikin abin da yake aunawa kai tsaye. Yanzu dubi bidiyon 'yar'uwarmu mai abaya: sallama, godiya ga mabiya, gaisuwa ga Hajiya wance da ke Kano, hasken shago ya dushe, abayar na ninke cikin leda. Kafin a buɗe ta, mai kallo ya goge allo ya wuce. Na'ura ta rubuta cewa an wuce, ba ta san ma abaya ce ba.

Masu rubuta "duk wanda ya ce Amin zai ga alheri, tura wa mutum goma" su ma su sani, tun Disambar 2017 Facebook ya sanar zai riƙa rage yaɗa saƙonnin roƙon tsokaci. Bara ce kawai da rigar addini.

Sai dai kada a ce ina wanke kamfanonin. Ƙa'idar gado a buɗe take, ba ta sauyawa. Tasu kuwa a ɓoye take, suna juya ta yadda talla za ta fi kawo musu kuɗi. A Janairun 2018 Facebook ya fifita saƙonnin dangi da abokai kan na shafuka, gidajen jarida da yawa suka wayi gari masu karatu sun ragu ba su yi laifin komai ba. Don haka mai karɓar riyal ɗinka ya koya maka "sirrin algoridim" yana sayar maka da abin da shi ma hasashe yake yi.

Mai shafin Umara kuwa, kwafo labarin da shafuka ashirin suka riga suka buga yake yi, sannan ya ce an yi masa asiri. Alhali alhajin da ke shirin tasowa daga Gusau tambayoyinsa sanannu ne: yadda ake neman izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, yadda ake hawa jirgin ƙasa na Haramain daga filin jirgin Jidda zuwa Madina, da kuma wurin da zai ɗaura harami in ta sama ya zo. Amsoshin cike suke da Larabci da Turanci, na Hausa kuwa sai an tona, kuma shi mai shafin tazararsa da Harami ba ta wuce tafiyar mota ɗaya ba.