Ba a haramta jirgin ɗaukar hoto ba, izini doka ta nema

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a wayoyin mutanen Zariya, wai gwamnati ta haramta ƙananan jiragen nan marasa matuƙa da masu hoto ke tayarwa a wajen biki, wai kuma duk wanda aka gani da shi ɗan leƙen asirin 'yan bindiga za a ɗauke shi. Ranar Asabar, a wani ɗaurin aure a Tudun Wada, na ga abin da saƙon ya haifar. Wani matashi mai ɗaukar bidiyo ya buɗe jaka, ya fito da jirginsa, yana cikin saka batir sai wani dattijo ya riƙe masa hannu: "Ɗana, mayar da shi, kada ka jawo mana." Yaron ya mayar jiki a sanyaye, ga shi ya riga ya karɓi kuɗin aikin.

Ban ga laifin dattijon ba. Wanda ya tuna abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, lokacin da jirgin soja mara matuƙi ya hallaka masu Mauludi, dole gabansa ya faɗi in ya ji ƙara a sama. Amma wancan makamin yaƙi ne, wannan kuwa kyamara ce mai farfela, kuma maganar haramci ba gaskiya ba ce.

Tun a watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba wanda zai tayar da jirgi mara matuƙi a sararin samaniyar Nijeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A ƙa'idojinta na 2023 ta ware wa waɗannan jirage kashi na 21 sukutum. Dokar ta hau kan mai hoto, da mai safiyo, da mai feshin gona, da ɗan jarida, har da hukumomin gwamnati. Da haramci ne, da kamfanin Zipline bai buɗe cibiya a Pambeguwa a 2022 yana kai magani da jini asibitocin karkara ta sama ba.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne maganar nauyi. Jirgin da ya kai giram 250 sai an yi masa rajista, shi ya sa kamfanoni ke ƙera wasu su tsaya a 249. To sai yaranmu suka ɗauka wanda bai kai nauyin ba ya fita daga hannun doka. Ba haka ba ne. Rajista daban, inda za ka tashi daban. Komai ƙanƙantar jirginka, ba a so ya wuce ƙafa 400 a sama, wato wajen mita 120, ba a so ya ɓace wa idonka, kuma ba ka da ikon kai shi kusa da filin jirgi ko saman wurin tsaro haka kawai. Ko shigo da shi ƙasar ma sai da takardar amincewa daga ofishin tsaron nan, abin da mafi yawan masu saye a kasuwa ba su taɓa tambayar mai shago ba.

A Zariya wannan ba ƙaramar magana ba ce. Muna da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, kuma duk wanda ke zaune Palladan ko Samaru ya saba ganin ƙananan jiragen ɗalibai suna shawagi ƙasa-ƙasa, suna sauka suna tashi. Ɗalibin da ke koyon sauka, hannunsa bai gama faɗawa ba, in ya yi kiciɓis da jirgin mai hoto a gabansa, ana iya rasa rai. Ga kuma Depo, inda ake horar da sababbin sojoji, da barikin Basawa. Wanda ya tayar da jirgi a saman bariki, ba NCAA zai fara haɗuwa da ita ba, sojoji ne, kuma a nan ne zargin leƙen asiri zai iya zama gaske. A sauran wurare, laifin tashi ba izini laifin karya ƙa'idar sufurin sama ne, wanda kan kai ga ƙwace jirgi da tara.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka tsara ƙofar shiga. Duk wanda ke karɓar kuɗi da jirginsa ɗan kasuwa ne a idon doka, ana neman kamfani mai rajista, da takardar shaidar ƙwarewa, da tantancewar jami'an tsaro, kuma hanyar takan biya ta Abuja. Kamfanin mai zai iya. Yaron da ya tara kuɗin ɗaukar bikin suna da na Hawan Daushe ya sayi jirgi ɗaya, ina zai fara? Ga garin da ake horar da matuƙa, amma ba wata ƙofa kusa da zai ƙwanƙwasa.

Bayan an shafa fatiha na sami yaron a gindin bishiya yana naɗe waya. Na tambaye shi nauyin jirginsa, ya juya shi ya nuna mini 249 a rubuce. Na ce masa ya fara bin maganar izini, kuma ko an kira shi aiki a Palladan, ya bar jirgin a gida ya tafi da kyamarar hannu.