Fasfo kaɗai ba ya isa: yadda dokar FIFA ke tantance ƙasar da ɗan ƙwallo zai buga wa

Folarin Balogun a birnin New York aka haife shi, iyayensa 'yan Najeriya ne, a Landan kuma ya tashi. Ƙasashe uku ne suke da ikon kiransa, kuma sai da ya buga wa ƙananan tawagogin Ingila kafin FIFA ta amince masa ya koma Amurka a watan Mayun 2023. Duk lokacin da irin haka ta faru sai gardama ta kaure a gidajen kallon ƙwallo: wani ya ce wanda ya taɓa saka rigar wata ƙasa shi ke nan ya ɗaure kansa, wani ya ce ai da zarar ka mallaki fasfo magana ta ƙare. Dukkansu sun kama wani ɓangare sun saki wani.

Tambayoyi uku dokar take yi, bi da bi. Ɗan ƙasar ne? Idan daga baya ya samu zama ɗan ƙasar, me ya haɗa shi da ita? Ya taɓa buga wa wata ƙasa wasan gasa? Wanda ya faɗi a ɗaya, sauran biyun ba za su cece shi ba.

Ta farkon ba FIFA ke yanke ta ba. Kowace ƙasa da dokarta ta zama ɗan ƙasa, abin da FIFA take nema kawai shi ne zaman ya kasance na dindindin, wanda ba ya faɗuwa idan mutum ya bar ƙasar. Katin izinin zama ko takardar aiki ba sa cikin lissafi, fasfo ne shaida. A Najeriya, sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje, matuƙar uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa. Sashe na 28 kuma bai hana irin wannan mutum riƙe fasfo biyu ba. Shi ya sa yaran da aka haifa a Landan ko Berlin ba sa shan wahala ta wannan fuskar. Wanda kakansa ne kaɗai ɗan Najeriya, hanyarsa ita ce rajista a ƙarƙashin sashe na 26. Baƙon da ba shi da jini kuwa sai ya yi zaman shekara 15 kafin ya nema. Haihuwa a ƙasar Najeriya ita kaɗai ba ta mayar da mutum ɗan Najeriya, saɓanin Amurka, inda haihuwar Balogun a can ta ishe shi.

Tambaya ta biyu tana da tarihi. A da, ɗan wasa kan yi yawo tsakanin ƙasashe yadda ya ga dama: Luis Monti ya buga wasan ƙarshe na kofin duniya da Ajantina a 1930, ya sake buga shi da Italiya a 1934. An toshe wannan ƙofa daga baya, amma sai wata ta buɗe, wato sayen 'yan wasa da fasfo. A farkon 2004 Katar ta nemi bai wa wasu 'yan Brazil uku zama 'yan ƙasa, cikinsu har da Aílton da ke zura ƙwallaye a Werder Bremen, alhali babu abin da ya haɗa su da ƙasar. FIFA ta taka wa abin birki, ta ce dole a nuna alaƙa ta zahiri. A 2008 aka ɗaga wa'adin zama daga shekara biyu zuwa biyar.

Yau, wanda ya samu zama ɗan ƙasa daga baya sai ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa huɗu: a ƙasar aka haife shi, ko a can aka haifi mahaifiyarsa ko mahaifinsa na jini, ko a can aka haifi kakarsa ko kakansa, ko kuma ya zauna a can tsawon lokacin da aka gindaya. A lura da kalmar haihuwa. Ba a tambayar wane fasfo kakan yake riƙe da shi, ana tambayar inda aka yanke masa cibiya. Kakan kaka ba ya ciki. Aure ma ba ya ciki: ko da ƙasa ta ba mutum fasfo saboda ya auri 'yarta, sai ya cika wa'adin zama kafin ya saka rigarta.

Wa'adin ya danganta da shekarun da mutum ya shiga ƙasar. Wanda ya fara zama bai kai shekara 10 ba, shekara uku ta ishe shi. Daga 10 zuwa 18, shekara biyar, kuma sai an nuna cewa ba don a ɗora shi a tawagar ƙasa aka kawo shi ba. Daga 18 zuwa sama, shekara biyar. Zaman kuma na gaske ake nufi: aƙalla kwana 183 a cikin kowane wata 12 yana cikin ƙasar da jikinsa. Nan ne 'yan wasan da ake bayarwa aro suke tuntuɓe, domin kakar wasa guda a wata ƙasa tana iya ɓata lissafin.

Ga iyalan da ke zaune a bakin iyaka, wannan sharaɗi na haihuwa kan ba da zaɓi biyu. Yaron da aka haifa a Maraɗi, mahaifinsa ɗan Nijar, mahaifiyarsa 'yar Katsina, ƙofar Mena, tawagar Nijar, da ta Super Eagles duk a buɗe suke gare shi. Matsalar da ke tasowa ita ce takarda. Idan ta hanyar kaka za a bi, sai an kawo shaidar inda aka haifi kakan, da takardun da suka haɗa jinin daga kaka zuwa uwa ko uba, daga nan zuwa ɗan wasan. Kakannin da aka haifa a ƙauye shekara 70 da suka wuce, da yawansu ba a yi musu takardar haihuwa ba. Idan kuma sunan da ke takardar uba ya saɓa da wanda ke ta ɗa, ko da a rubutu ne, sai an yi bayani.

Wasan da ke ɗaure mutum

Tambaya ta uku ita ce mai rikitarwa, a nan kuma aka fi tafka kuskure. Ƙa'idar asali ita ce duk wanda ya buga wa wata ƙasa wasan gasa, a kowane mataki, ya zama nata. Wasan gasa ya haɗa da na neman gurbi, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ko 20 ko 23, har da ƙwallon cikin ɗaki da na bakin teku. Minti ɗaya a fili daidai yake da minti 90. Amma kiran mutum sansani, ko zamansa a benci ba tare da an saka shi ba, ba ya ɗaure shi. Wasan sada zumunta shi kaɗai ma ba ya ɗaurewa. Diego Costa ya buga wa Brazil irin wannan wasa sau biyu a 2013, ya je kofin duniya na 2014 da Sifaniya. Iñaki Williams ya buga wa Sifaniya sau ɗaya a 2016, ya koma Ghana a 2022, ƙanensa Nico yana can tare da Sifaniya.

Wanda ya ɗauru yana da damar sauya sheƙa sau ɗaya tak a rayuwarsa. An fara ba da wannan dama a 2004 ga waɗanda suka buga wa ƙananan tawagogi kawai, da sharaɗin su nema kafin su cika shekara 21. A 2009, bisa ƙudurin da Aljeriya ta kawo, aka cire iyakar shekarun. Ƙasashen Afirka ne suka fi cin moriyar wannan gyara. Ta nan Kevin-Prince Boateng ya baro Jamus ya buga wa Ghana kofin duniya na 2010, inda ya kara da ɗan'uwansa Jérôme. Ta nan ne kuma Victor Moses, bayan ya buga wa matasan Ingila, ya samu izini a 2011 ya ɗauki kofin Afirka da Najeriya a 2013. Ademola Lookman ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 da Ingila a 2017, FIFA ta sake shi a watan Fabrairun 2022, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2024.

Ga wanda ya tsaya a ƙananan tawagogi, abin da ake dubawa kwanan wata ne guda biyu: ranar da ya fara buga wasan gasa, da ranar da ya zama ɗan sabuwar ƙasar. Idan tun kafin wasan farkon yana da zama ɗan ƙasar, hanya a share take, ko shekarunsa nawa. Ba lallai ne a ce yana riƙe da fasfon a hannu a lokacin ba; idan dokar ƙasar ta ɗauke shi ɗanta tun haihuwa, ya isa. Idan kuwa daga baya ya samu, gyaran da babban taron FIFA ya yi a watan Satumban 2020 ya ba shi hanya, amma da sharaɗi biyu: wasan gasarsa na ƙarshe ya zama kafin ya cika 21, kuma ya cika ɗaya daga sharuɗɗan alaƙa huɗun nan.

Gyaran 2020 ɗin ne kuma ya buɗe ƙofa ga wanda ya riga ya buga wa babbar tawaga wasan gasa, abin da a da ba shi da mafita. Sharuɗɗa biyar ne, kuma sai sun cika duka. Yana da zama ɗan sabuwar ƙasar tun kafin wasan gasarsa na farko. Bai cika shekara 21 ba a wasan gasarsa na ƙarshe. Wasanninsa a babbar tawaga ba su wuce uku ba, kuma a wannan lissafin har da na sada zumunta ake ƙirgawa, abin da mutane da yawa ke mantawa. Shekara uku ta wuce tun wasansa na ƙarshe a babbar tawagar. Sannan bai taɓa buga ainihin gasar kofin duniya ko ta nahiya ba, irin su kofin Afirka ko na Turai.

Munir El Haddadi ne ya fi kowa ɗanɗana tsaurin tsohuwar dokar. A watan Satumban 2014, yana ɗan shekara 19, Sifaniya ta sako shi a ƙarshen wasan neman gurbi da Masedoniya, bai yi kwata na awa a fili ba, babbar tawagar ba ta ƙara saka shi ba. Ya nemi komawa Maroko kafin kofin duniya na 2018, aka hana shi, kotun ƙararrakin wasanni ta duniya ma ta tabbatar da hanin. Bayan gyaran 2020 aka sake mayar da shi, saboda ya buga wa tawagar 'yan ƙasa da 21 wasan gasa a 2016 jim kaɗan bayan ya cika 21. Sai a farkon 2021 aka warware masa, ya fara buga wa Maroko a watan Maris. Gyaran ya yi adalci, domin bai kamata 'yan mintoci a ƙuruciya su rufe wa mutum ƙofa har ƙarshen wasansa ba.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ba a cika bi ba: wanda hukuma ta ƙwace masa zama ɗan ƙasa ba da son ransa ba, da wanda ƙasarsa ta shiga FIFA bayan ya riga ya buga wa wata, kamar Kosobo a 2016. Wanda aka amince masa ya sauya kuma sabuwar ƙasar ba ta saka shi a ko wasa ɗaya ba, yana iya neman komawa inda ya fito.

Sauya sheƙa ba ya tabbata da sanarwa a Instagram ko hoto da shugaban hukumar ƙwallo. Hukumar sabuwar ƙasar ce take shigar da buƙata gaban sashen kula da matsayin 'yan wasa na kotun FIFA, haɗe da fasfo, da shaidar lokacin da ya zama ɗan ƙasa, da takarda daga tsohuwar hukumarsa mai jera duk wasannin da ya buga mata, da amincewar ɗan wasan a rubuce. Daga ranar da aka shigar har a yanke hukunci, ba zai buga wa ko ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ba. Hukumar da ta bari sai ana saura mako guda a fara gasa kafin ta tura takardu, ita ta jawo wa kanta.

Hukuncin saka wanda bai cancanta ba sananne ne: a ba abokan karawa wasan da ci uku da nema, a ɗora tara. Najeriya ta san ɗacinsa, ko da yake nata laifin na katin gargaɗi ne: an ba Aljeriya wasan da aka tashi 1-1 a Nuwamban 2017 saboda an saka Shehu Abdullahi yana cikin dakatarwa. Bolibiya ta saka Nelson Cabrera, haifaffen Paraguwai da bai cika shekara biyar a ƙasar ba, a wasanninta na neman gurbin kofin duniya da Peru da Chile a 2016. Aka ƙwace sakamakon duka biyun. Peru, wadda aka doke, ta samu maki uku. Chile, wadda ta yi canjaras, ta ƙaru da biyu. A ƙarshe suka tashi da maki 26 kowacce, Peru ta wuce da bambancin ƙwallaye, Chile da ta kai ƙarar ta rasa kofin duniya na 2018. A Satumban 2025 kuma FIFA ta ci tarar hukumar ƙwallon Malesiya, ta dakatar da 'yan wasa bakwai na wata 12, kan takardun jabu da suka nuna wai a can aka haifi kakanninsu.

Abin da ya sami Emilio Nsue ya fi ban takaici. Mahaifinsa ɗan Ikwatoriyal Gini ne, jininsa babu shakka a kai, amma ya buga wa matasan Sifaniya wasannin gasa, kuma ba a kammala masa sauya sheƙa yadda doka ta tanada ba. Tun a 2013 aka ƙwace wa ƙasar wasanni biyu a kansa, duk da haka aka ci gaba da saka shi fiye da shekara goma, har ya zama kyaftin, ya fi kowa zura ƙwallo a kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, da ƙwallo biyar. A watan Mayun shekarar FIFA ta dakatar da shi wata shida, ta mayar da nasarorin da ƙasar ta samu a kan Namibiya da Laberiya zuwa rashin nasara da ci uku da nema. Sai a watan Maris na 2025 aka amince da takardunsa, yana da shekara 35.