Ƙarin fata a jikin karnuka da binciken ciwon daji

Ƙarin fata shi ne tsiron da ke fitowa a fatar kare ko a ƙarƙashinta, lokacin da wasu ƙwayoyin jiki suka riƙa hayayyafa ba kan gado. Babu wani sashen jikin kare da ƙari ya fi kamawa kamar fata: kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan ƙarin da likitocin dabbobi ke gani a karnuka a nan yake. Mafi yawansu ba su da lahani. Sauran kuwa ciwon daji ne sosai, kuma su ne suka ja hankalin masu binciken kansar ɗan Adam, domin wasu daga cikinsu suna tasowa ta hanya ɗaya da wasu cututtukan mutane.

Ire-irensa

Wanda aka fi sabawa da shi shi ne curin kitse mai laushi da ke fitowa a ƙirji ko cikin tsohon kare mai ƙiba. Idan aka taɓa shi yakan motsa a ƙarƙashin fata, ba ya ciwo, kuma sau da yawa barinsa ake yi. Akwai kuma wani jan ƙari mai kama da maɓallin riga da ke fitowa a kai ko kunnen kare mai ƙananan shekaru, wanda yakan baje da kansa cikin 'yan watanni saboda garkuwar jiki ta far masa. Kansar saman fata da zafin rana ke jawowa tana kama karnuka masu farin gashi irin su Dalmatian da Bull Terrier, galibi a ciki da cinya inda gashi ba shi da yawa, musamman masu son kwanciya a rana. Irinta ce ke addabar zabiya a ƙasashen Afirka.

Wanda ya fi muhimmanci shi ne ƙarin ƙwayoyin mast, domin shi ne kansar fata mafi yawa a karnuka, kusan ɗaya cikin biyar na ƙarin fatarsu. Ƙwayoyin mast wani ɓangare ne na garkuwar jiki, cike suke da sinadarin histamin mai jawo kumburi da ƙaiƙayi. Shi ya sa wannan ƙari yake da yaudara. Yau a gan shi kamar ƙwayar gyaɗa, gobe kare ya sosa shi ya kumbura ya yi ja, jibi ya sace kamar ya warke. Histamin ɗin da yake zubarwa cikin jini yana iya jawo gyambon ciki da amai. Karnukan Boxer, Pug, Boston Terrier da Labrador sun fi kamuwa da shi. Ido ba ya iya bambance shi da curin kitse, don haka likita yakan soka siririyar allura ya zuƙo kaɗan ya duba a madubin likita. Akwai ma'aunin Patnaik na 1984 mai matakai uku da ma'aunin Kiupel na 2011 mai matakai biyu, waɗanda da su ake kimanta tsananinsa. Mai sauƙi fiɗa kan gama da shi. Mai tsanani yakan bi ta kaluluwa ya isa saifa da hanta.

Abin da ya sa ake duba kare

An daɗe ana gwada magungunan kansa a jikin ɓeraye, amma ɓeran ɗakin bincike dasa masa ciwon ake yi, sau da yawa bayan an raunana garkuwar jikinsa, kuma magunguna da dama da suka yi aiki a kansa sun gaza a jikin mutum. Kansar kare da kanta take tasowa, a jikin da garkuwarsa ke aiki, a dabbar da ke shaƙar iska ɗaya da mai gidanta. Tana yaɗuwa, tana dawowa bayan fiɗa, tana bijire wa magani, kamar dai ta mutum. Rayuwar kare gajera ce, don haka amsar da za a jira shekaru kafin a samu a wurin mutane takan bayyana da wuri. Ga kuma tsantsar jinsi: an daɗe ana haɗa kowane jinsin kare da ɗan uwansa, abin da ya sauƙaƙa gano ƙwayar gadon da ke ɗauke da wata cuta. A 2003 Cibiyar Kansa ta Ƙasa ta Amurka ta kafa shiri na musamman don kwatanta kansar dabbobin gida da ta mutane, a 2005 kuma aka wallafa cikakken jerin ƙwayoyin gadon kare, wanda aka samo daga wata karya jinsin Boxer mai suna Tasha. Karnukan da ake gwajin da su na gida ne da suka riga suka kamu, masu su ne ke kawo su da yardarsu.

Darasin ƙarin mast

A 1998 masu bincike a Japan suka gano cewa lalacewar wata ƙwayar gado mai suna KIT ce ke haddasa wata kansar ciki da hanji ta mutane da ake kira GIST. Shekara guda bayan haka aka samu irin wannan lalacewa a ƙarin mast na karnuka. Aikin KIT shi ne ba ƙwayar jiki umarnin girma idan da buƙata. Idan ta lalace sai umarnin ya ƙi tsayawa.

Kamfanin Sugen ya haɗa magunguna biyu 'yan gida ɗaya masu toshe wannan umarni. An gwada ɗaya, toceranib, a karnuka masu kansa, aka wallafa sakamakon a 2003, kuma ya nuna cewa ƙarin da ke da lalatacciyar KIT ya fi jin maganin. Wannan ya ƙarfafa gwiwar masu aiki a kan ɗan uwansa, sunitinib, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2006 don GIST da kansar ƙoda. A babban gwajin toceranib, ƙari ya ragu a kusan kashi 37 cikin ɗari na karnukan da suka sha, idan aka kwatanta da kusan kashi 8 na waɗanda aka ba maganin bogi. A 2009 aka amince da shi da sunan Palladia, maganin kansa na farko da hukumar ta amince da shi don karnuka kawai.

Abin lura a nan shi ne ƙarin mast ba kasafai yake kama mutane ba. Amfanin ya zo ne saboda ƙwayar gadon da ta lalace ɗaya ce, ko da yake ciwon kare a fata yake, na mutum kuma a hanji. Wani maganin da aka fara da kare shi ne allurar tigilanol tiglate, da ake samu daga ƙwallon 'ya'yan wata bishiyar dajin Queensland a Ostireliya: an amince da ita a 2020 don yi wa ƙarin mast na kare kai tsaye, ana kuma gwada ta a wasu kansar mutane.

Melanoma

Melanoma kansar ƙwayoyin da ke ba fata launi ce. A wajen Turawa yawanci rana ce sanadi, kuma kusan rabin masu ita suna da lalacewa a ƙwayar gado BRAF. Ta kare daban ce. Wadda ke fitowa a fata mai gashi galibi ba ta da lahani; mai kisa ita ce ta baki da dasashi da gindin farce, wadda ba ruwanta da rana, ba kasafai ake samun lalacewar BRAF a cikinta ba, kuma tana saurin isa huhu. Saboda haka kare bai dace da nazarin melanomar rana ba. Ya dace da nau'o'in da ba a cika bincike a kansu ba: ta cikin baki da hanci, da ta tafin ƙafa da ƙarƙashin farce. Ta tafin ƙafa ita ce aka fi gani a baƙar fata, har da Najeriya, inda mai ita kan ɗauke ta a matsayin gyambon da ya ƙi warkewa, sai ta yi nisa ya je asibiti.

Daga haɗin gwiwar wani asibitin dabbobi a New York da cibiyar kansa ta Memorial Sloan Kettering aka samar da rigakafin Oncept, wanda ma'aikatar noma ta Amurka ta ba izinin wucin gadi a 2007, cikakke a 2010. Ana sa wa karen da ya riga ya kamu ƙwayar gadon ɗan Adam mai yin sinadarin tirosinas, wanda ke cikin ƙwayoyin da ke ba fata launi, domin garkuwarsa ta ɗauke shi baƙo ta yaƙe shi, daga nan ta juya kan ƙwayoyin melanoma. Dabarar tana da ban sha'awa, amma binciken da ya biyo baya ya saɓa wa juna kan ko tana ƙara tsawon rai, kuma har yanzu likitoci ba su daidaita a kanta ba.

Ƙarin da ke yaɗuwa

Akwai wani ƙari da karnuka ke ɗauka wajen barbara, yakan kuma kama hanci da baki da fata ta hanyar lasa da shinshina. Ƙwayar kansar ce da kanta ke tashi daga wannan kare ta manne a wancan. Likitan dabbobi ɗan Rasha, Novinsky, ya dasa shi daga kare zuwa kare a 1876, a 2006 kuma aka tabbatar cewa duk wanda ke duniya daga jikin kare ɗaya ya samo asali, dubban shekaru da suka wuce. Ya zama ruwan dare a inda karnuka ke yawo sakaka, ciki har da Afirka ta Yamma, kuma yana jin allurar vincristine ƙwarai. Ba ya kama mutum. Masu bincike, irin su Elizabeth Murchison ta Jami'ar Cambridge, suna nazarinsa ne don gane yadda kansa ke ɓuya wa garkuwar jiki, da yadda take sauyawa idan ta daɗe.