Tambayoyi da amsoshi: tsarin bazawa da gaggawa da Josh Heupel ya kawo jami'ar Tennessee

A watan Janairun 2021 jami'ar Tennessee da ke Amurka ta ɗauko Josh Heupel daga jami'ar UCF ta jihar Florida, ta damƙa masa ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka. Bai tarar da gida lafiya ba. A kakar 2020 ƙungiyar wasa 3 ta ci, aka doke ta sau 7, aka sallami kocin da ya gada bisa karya dokokin ɗaukar 'yan wasa, sannan gwanaye da dama suka tattara komatsansu suka koma wasu jami'o'in. Abin da Heupel ya zo da shi salon kai hari ne mai ƙafa biyu: baza 'yan wasa a faɗin fili, da yin komai cikin gaggawa.

Ga wanda bai san wasan ba, me ake nema a fili?

Kowane ɓangare mutum 11 ne. Filin yana da tsawon yadi 100 tsakanin gidajen biyu, faɗinsa kuma yadi 53 da ɗoriya. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a ba su wasu huɗun. In sun gaza, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo cikin gidan abokan hamayya ya samu maki 6. Bayan kowace dama wasa yana tsayawa, alƙali ya ajiye ƙwallo, kuma masu hari suna da daƙiƙa 40 kafin su sake farawa. Wannan daƙiƙa 40 ita ce fagen da tsarin Heupel yake cin kasuwarsa. Jagoran hari shi ne kwatabak, mutumin da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowace dama, ya jefa ko ya miƙa wa mai gudu ko ya ruga da kansa.

Me ake nufi da bazawa?

A tsohon salo ana cunkusa ƙarfafa a tsakiya, a yi ta ture-ture, wanda ya fi ƙarfin ƙirji ya ci yadi uku ko huɗu. A tsarin bazawa ana tura masu cafe ƙwallo uku ko huɗu zuwa gefuna. Heupel ya kai abin maƙura, domin nasa masu cafewar kan tsaya dab da layin gefe, har mai kallo ya ɗauka sun kusa fita daga fili.

Dalilin lissafi ne zalla. Duk mai cafewa da ya tafi gefe, dole mai tsaro ya bi shi. Idan masu tsaro suka watse, tsakiya ta yi sako-sako, sai a ba mai gudu ƙwallo ya ratsa. Idan kuma suka ƙi watsewa suka taru a tsakiya, to a gefe an bar mutum ɗaya da mutum ɗaya, sai kwatabak ya cilla doguwar ƙwallo ga mai cafewar da ya fi mai tsaronsa gudu. Saboda tazarar da ke tsakanin gefe da tsakiya ta yi yawa, mai tsaro ba zai iya yin ƙafa biyu ba, wato ya nuna yana nan alhali can zai tafi. Tilas ya bayyana inda ya dosa tun kafin a taɓa ƙwallo. Kwatabak kuwa ƙirga kawuna kawai yake yi: mutum nawa ne a tsakiya, nawa ne a waje.

Dokar jami'o'i ma tana taimakawa. An yarda ƙartan gaba masu tare wa kwatabak hanya su matsa har yadi 3 a lokacin da za a jefa ƙwallo, alhali a gasar ƙwararru ta NFL yadi 1 ne kacal. Wannan ya sa ana iya fara dama kamar gudu za a yi, masu tsaro su afko, sai kwatabak ya canza shawara ya jefa ta bayansu.

Gaggawar fa, mene ne amfaninta?

A al'ada, bayan kowace dama masu hari kan haɗa kai su yi da'ira, kwatabak ya raɗa musu abin da za a yi. Su ma masu tsaro suna morar wannan lokacin: su numfasa, su canza waɗanda suka gaji, kocinsu ya aiko da sabuwar dabara. Tsarin gaggawa ya soke wannan da'irar. Da an busa, wanda ƙwallo ke hannunsa ya miƙa wa alƙali, kowa ya ruga ya tsaya a gurbinsa, a sake farawa alhali agogon daƙiƙa 40 bai yi nisa ba.

Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san yadda ake buga bugun tazara da sauri kafin a gama jera katanga. To, a ce haka ake yi tun daga farkon wasa har ƙarshe.

Mutane kan ɗauka manufar ita ce a gajiyar da abokan karawa, kuma da gaskiyarsu, domin ƙato mai nauyin kilo 140 ba zai yi ta tashi da faɗuwa ba hutu ya ci gaba da ƙarfinsa ba. Amma a ganina babbar ribar a ƙwaƙwalwa take. Masu tsaron da ba su da lokacin shawara dole su koma ga dabara ɗaya ko biyu da suka haddace, kuma wanda ya san abin da za ka yi ya riga ya ci rabin faɗa. Akwai kuma dokar canji: idan masu hari suka canza ɗan wasa, alƙali zai tsaya a kan ƙwallo har masu tsaro su yi nasu canjin. Idan ba su canza kowa ba, babu wanda zai jira masu tsaro. Shi ya sa ƙungiya irin ta Heupel kan bar mutum 11 ɗin nan su yi ta kai hari a jere.

In ba a taru an yi shawara ba, ta yaya kowa ke sanin aikinsa?

Da alamu daga bakin fili. Mataimakan koci kan tsaya suna nuni da hannu, wasunsu na gaske, wasu don ruɗar da masu leƙen asiri. Ƙungiyar Oregon a zamanin Chip Kelly ta yi suna da ɗaga manyan alluna masu hotuna, kowane hoto da ma'anarsa. Daga 2024 an yarda manyan jami'o'i su sa na'urar magana a hular ɗan wasa ɗaya, amma ana katse ta idan saura daƙiƙa 15 a agogon daƙiƙa 40 ɗin nan.

Heupel ne ya ƙirƙiro wannan salo?

A'a, gado ya tarar. Rich Rodriguez ne ake danganta wa dabarar da kwatabak ke kallon mai tsaro ɗaya ya yanke shawarar miƙa ƙwallo ko riƙe ta, tun yana koyar da ƙaramar kwalejin Glenville State a farkon shekarun 1990, kafin ya kai ta West Virginia. Chip Kelly ya riƙe Oregon daga 2009 zuwa 2012, ya ci wasa 46 aka doke shi sau 7. Gus Malzahn, wanda ya faro daga makarantun sakandare a Arkansas, ya karɓi Auburn bayan ta ci wasa 3 kacal a 2012, ya kai ta wasan ƙarshe na ƙasa a shekararsa ta farko, inda Florida State ta doke su 34 da 31. Baza masu cafewa har bakin layi kuwa a Baylor ta Art Briles aka fi saninsa. Abin lura shi ne yawancin waɗannan mutane daga ƙananan wurare suka fito, inda ba su da ƙartan da za su yi gaba da gaba da manya. Rashin ƙarfi ne ya koya musu dabara, kuma wannan ne ya sa nake ƙaunar tsarin. Shi kansa Heupel tsohon kwatabak ne, shi ya jagoranci Oklahoma ta ci kofin ƙasa a kakar 2000.

Ya yi aiki a Tennessee?

Ya yi, kuma da wuri. Ƙungiyar da ke cin maki 21 da ɗoriya a kowane wasa a 2020 ta haura 39 a 2021, ta kammala da nasara 7 da rashin nasara 6. A 2022 ta ci 11 aka doke ta sau 2, ta kuma fi kowace babbar jami'a cin maki, kimanin 46 a wasa. Ranar da magoya baya ba za su manta ba ita ce 15 ga Oktoban 2022, lokacin da suka doke Alabama ta Nick Saban 52 da 49, bayan shan kashi sau 15 a jere a hannunta. Mai cafewa Jalin Hyatt shi kaɗai ya shiga gida sau 5, galibi ta hanyar da aka bayyana a sama: an ware shi da mai tsaro ɗaya, ya wuce shi da gudu. Murna ta sa 'yan kallo suka tumɓuke turakun gola suka kai kogin Tennessee.

Sai dai kada a manta da Hendon Hooker, kwatabak ɗin da ya zo daga Virginia Tech. A kakar 2021 sau 31 jifansa ya kai ga shiga gida, sau 3 kacal abokan karawa suka cafe masa ƙwallo. Tsarin yana buɗe ƙofa ne kawai. Sai an samu mai saurin gani da daidaiton hannu kafin a shiga.

Ina lagonsa?

Lago na farko a gida yake. Idan masu hari suka ƙarar da damarsu cikin minti ɗaya ba su ci yadi 10 ba, sun mayar da masu tsaron ƙungiyarsu fili tun gumi bai bushe musu ba. A Nuwamban 2022 South Carolina ta zuba wa Tennessee maki 63, a wasan da Hooker ya ji raunin gwiwa da ya kawo ƙarshen kakarsa.

Na biyu, duk lissafin ya dogara ne a kan cewa mai tsaro ɗaya ba zai iya riƙe mai cafewa ɗaya ba. Ƙungiyar da ke da masu tsaron da za su iya, ta warware ƙullin. Haka Georgia ta yi musu makonni biyu kafin wancan wasa, ta doke su 27 da 13, ta matsa wa Hooker lamba, ga ihun 'yan kallo da ya yi ta rikita ƙartan gaba suna motsawa kafin lokaci. Ko a NFL, Chip Kelly ya fara da nasara 10 a kowace daga shekarunsa biyu na farko a Philadelphia, amma aka sallame shi a Disambar 2015.

Gaskiya ne an taɓa neman taka wa salon birki da doka?

Gaskiya ne. A 2014 aka kawo shawarar hana masu hari farawa kafin daƙiƙa 10 su wuce daga cikin 40 ɗin, bisa hujjar kare lafiyar 'yan wasa. Nick Saban da Bret Bielema, kocin Arkansas a lokacin, na cikin masu goyon baya. Kociyoyin da ke amfani da gaggawa suka yi caa, aka jingine shawarar. Da doka ba ta shiga ba, wasu masu tsaro suka koma faɗuwa da gangan kamar sun ji ciwo don a dakatar da wasa. Wannan ɗabi'a ce mara kyau, domin tana sa a riƙa zargin yaron da ya ji ciwo da gaske. A 2025 aka sa dokar cire wa ƙungiya hutun neman shawara ɗaya idan ɗan wasanta ya nemi a duba shi bayan alƙali ya riga ya ajiye ƙwallo.

Idan sabon koci ya zo da wannan tsari, me ya kamata magoya baya su duba a shekarar farko?

Su duba ko 'yan wasan da ya tarar sun dace da abin da ya zo da shi, kafin su duba yawan maki. Darasin Michigan ya isa misali. Ta ɗauki Rich Rodriguez daga West Virginia, inda tsarinsa ke ci kamar wutar daji, amma 'yan wasan da ya tarar an tara su ne don tsohon salon ture-ture. Kwatabak Ryan Mallett, dogo mai ƙarfin jifa amma ba mai gudu ba, ya koma Arkansas. A 2008 Michigan wasa 3 ta ci aka doke ta sau 9. Ta ɗan farfaɗo zuwa nasara 5, sannan 7, amma haƙurin jami'ar ya ƙare, aka sallame shi a Janairun 2011. Heupel kuwa ya dace da Hooker, wanda ma a benci ya fara kakar 2021 kafin a ba shi ragamar a watan Satumba.